Hoton Tsuntsu, Ƙasar Gini da Amya: Abin da Ya Faru a Wani Kwazazzabo Kusa da Samaru

Ruwan sama a Zariya yakan ɗauke ne a farkon Oktoba. Daga nan zuwa ƙarshen Nuwamba gari yakan sauya kama da sauri. Shamuwa ta tattara ta nufi kudu, dawa ta nuna a gonaki, ciyawa ta fara bushewa, iskar hunturu kuma ta fara iso da ƙurar da take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A daidai wannan lokaci ne tsuntsayen da suka yi ƙyanƙyasa a Turai suke sauka a fadamun Galma, da bakin dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, da tafkin Bomo, bayan sun ƙetaro Sahara. Ga mai son kallon halittun daji da ɗaukar hotonsu, ban san watan da ya kai Nuwamba albarka a nan ba.

Sai dai Zariya ba ta da gandun daji irin Yankari ko Kamuku. Duk abin da za ka ɗora wa kyamara, a gonar wani yake, ko a burtalin da wani ke bi da shanunsa, ko a bakin rafin da wani ke ban-ruwa. Daga nan lamarin da zan bayyana ya samo asali.

Wurin da mutanensa

Kwazazzabon yana bayan Samaru, a gefen wani rafi da ke zuba a Kubanni. Da gangan na ƙi faɗin sunan ƙauyen. Zaizayar ƙasa ce ta tsaga wurin shekara da shekaru, ta bar gaɓa a tsaye, jawur, wadda tsayinta ya kai na mutum biyu, tana fuskantar gabas. A jikin wannan gaɓa akwai ramuka jere, kowanne bakinsa bai fi a zura yatsu uku ba.

Gonar da ke saman gaɓar ta wani dattijo ce, gadon mahaifinsa. Yana noma dawa da wake a tudu, da rani kuma ya sauka fadama ya yi albasa da tumatir. A wurinsa kwazazzabon asara ce tsagwaronta, domin kowace damina sai ya cinye masa kunya biyu ko uku. Ƙanensa mai amya ne, yana rataye su a bishiyoyin ɗorawa da kaɗanya da ke gefen gonar. Akwai kuma wani mai tifa da ke kai wa magina ƙasa, wanda ya daɗe yana zawarcin gaɓar, tunda da ɗaukewar ruwa ake shiga aikin tubali da yaɓe.

A ɗaya ɓangaren akwai mu, 'yan tsirarun masu fita kallon tsuntsaye a ƙarshen mako: ɗaliban jami'a, malaman makaranta, da wani saurayi ɗan Tudun Wada da ke sana'ar hoton biki da suna. Shi kaɗai ne a cikinmu mai kyamara ta sosai, da gilashin jawo nesa mai milimita 70 zuwa 300. Yaro ne mai ido. Abin da ya saba da shi a wurin aikinsa shi ne ya matsa kusa da amarya, ya ce a gyara tsayuwa, ya kunna fitila. Da wannan sabo ya shigo daji.

Tsuntsun da ke cikin ramukan

Masu ramukan wasu ƙananan tsuntsaye ne masu cin ƙudan zuma, tsawonsu kamar santimita 20 zuwa 22. Bayansu kore shar, maƙogwaro ja, baƙin layi ya ratsa ido, ƙirji da ƙeya ruwan ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin wutsiya shuɗi. Jefi-jefi akan ga mai rawayan maƙogwaro a cikinsu. Ba baƙi ba ne, ba sa zuwa Turai, ba sa zuwa kudu. Duk shekara suna nan kewayen gaɓarsu.

Yawancin abin da duniya ta sani game da rayuwar wannan tsuntsu, a Zariya aka fara gano shi. Wani Bature masanin tsuntsaye, Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960 kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, a kwazazzaban kewayen nan ya yi bincikensa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba. A wasu ramukan akwai mataimaka, galibinsu maza, da ke kawo abinci tare da iyayen. Ina ganin abin takaici ne a ce ɗalibi ya yi shekara huɗu a Samaru bai taɓa jin wannan ba, alhali tsuntsun yana bayan katangar makarantarsa.

Amma abin da ya fi shafar lamarinmu shi ne lokacin haƙa. Tsuntsun ba ya jira sai zai yi ƙwai sannan ya haƙa rami. A ƙarshen damina yake haƙa, sa'ad da ƙasa ke da sauran danshi, ya sara da baki ya watso ƙasar da ƙafafu, har ramin ya doshi mita ɗaya, da ɗan ɗaki a ƙarshensa. Daga nan sai ya yi ta gadin ramin wata da watanni. Ƙwai sai wajen Janairu zuwa Fabrairu, yadda ƙyanƙyasa za ta dace da lokacin da kaɗanya da mangwaro da ɗorawa ke fure, ƙudan zuma ya yawaita. Tun ran gini ran zane, in ji Bahaushe. Da hunturu ya kankama ƙasar gaɓa takan ƙeƙashe, bakin tsuntsu ba ya iya huda ta. Saboda haka ramin da ka leƙa a Nuwamba ka ga babu ƙwai babu ɗa, ba kango ba ne. Idan ya rushe, mai shi ya yi asarar haihuwar shekara guda.

Wannan shi ne abin da babu wanda ya faɗa wa mai hoton kafin ya je.

Yadda abin ya ɓaci

Ya je shi kaɗai da sassafe a makon farko na Nuwamba. Ya sauka cikin kwazazzabon, ya tsaya taku kaɗan daga ramukan, ya sari reshe ya kafa a gabansu don tsuntsayen su sauka inda yake so, har ya haska fitilar waya cikin wani rami. Hotunan sun yi kyau, wannan babu musu. Ya sa su a Facebook, mutane suka yi ta tambayar ina ne, shi kuma da zuciya ɗaya ya rubuta sunan ƙauyen da kwatancen hanya, har da bishiyar da za a ajiye babur.

Asabar ta gaba babura suka cika bakin gonar. Yawancin masu zuwan da waya kawai suka zo, kuma waya ba ta jawo nesa, don haka dole su matsa. Wasu suka ratsa ta cikin waken da ba a gama roro ba. Wasu suka zauna a kan dammunan dawa. Mafi muni, wasu suka tsaya a saman gaɓar suna leƙowa ƙasa, nauyinsu ya sa leɓen gaɓar ya zube a wuri biyu, ya rufe ramukan da ke ƙarƙashi.

Yaran ƙauyen kuwa suna kallo. Tsuntsun da suka tashi suna gani ba su taɓa damuwa da shi ba, tunda ba shi da naman kirki, sai ga mutanen birni suna ƙona mai dominsa. Cikin 'yan kwanaki suka fara ɗana tarkon zare a bakin ramuka, su kama, su riƙe wa baƙo ya ɗauka a hannu, a ba su na alawa. Wani ma ya saya ya kai gida a keji. Irin wannan tsuntsu ba ya cin gero ko tsaba, ƙwaro mai rai yake cafkewa a sama, don haka bai yi kwana nawa ba ya mutu. Ban ga laifin yaran ba. Kasuwa aka buɗe musu, suka shiga.

Dattijon ya daɗe yana ƙin tayin mai tifa, domin ya san haƙa gaɓa ƙara wa zaizaya ƙarfi take yi. Da ya ga wakensa a kwance, sai ya aika aka kira shi, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce a kwashe gaɓar gaba ɗaya kowa ya huta. Ƙanensa ya goyi bayansa, don shi ma yana da tasa a ciki.

Zaman da aka yi a zauren mai unguwa

Da labari ya iso mana, wani ɗalibi ya ce a rubuta ƙara, a kawo hukuma. Manyan cikinmu suka hana. Na farko, babu dokar da za a kafa hujja da ita. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta fi karkata ne ga farauta da fataucin nau'o'in da aka lissafa, ba ta hana manomi sayar da ƙasar gonarsa ba. Wannan tsuntsu kuma ba ya cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Ba kamar ungulu ba, wadda duk wanda ya girma a Zariya ya san yadda take cika mahauta a da, amma tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa a duniya. Na biyu, ko da akwai doka, mu ne muka shiga gonar mutum ba sallama.

Saboda haka wurin mai unguwa aka fara zuwa, da goro. Babban cikinmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ban haƙuri muka zo yi, ba ƙara muka kawo ba." Mai unguwa ya sa aka kira dattijon da ƙanensa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku 'yan boko tsuntsu kuka gani, ba ku ga wakena ba. Shekara nawa ramin nan yana cin gonata, wa ya taɓa zuwa ya ce mini sannu?"

Mai hoton ya durƙusa ya ce, "Baba, ni na jawo. Ni na faɗi wurin. A yafe mini."

"Tashi, ɗana. Yafiya daban, wake daban."

Wannan magana ita ta buɗe hanya, domin ta nuna abin da za a iya gyarawa. Aka amince mai unguwa ya tura mutum ya ƙiyasta ɓarnar, mu haɗa kuɗi mu biya.

Batun mai amya ya fi wuya. Ya juyo ga malamin da ke mana bayanin tsuntsaye ya ce, "Malam, ni da idona na gan shi ya cafke ƙudan zumana, ya koma reshe yana buga shi yana goga gindinsa. Ko ƙarya nake?"

"Ba ƙarya kake ba, Malam. Haka yake yi, harbin yake cirewa kafin ya haɗiye."

Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Akwai masu son halittun daji da idan an kawo kuka sai su musanta, su ce tsuntsu ba ya ɓarna, kuma daga ranar manomi ba zai sake yarda da maganarsu ba. Gaskiya ita ce ƙudan zuma babban kaso ne na abincinsa, tare da shinge da zanzaro da sauran ƙwari masu tashi. Gaskiya ce kuma amya mai ƙarfi tana ɗauke da ƙudaje dubbai, uwarsu tana zuba ƙwai kullum, kuma gobarar daji da feshin maganin ƙwari a kan wake sun fi tsuntsu kashe su. Aka faɗa masa duka biyun. Bai gamsu ba, amma ya saurara. Shawarar da ta fito daga bakinsa ce aka ɗauka: amyoyin da ƙuda ya riga ya shiga a bar su inda suke, don idan aka matsar da su ɗan nesa kaɗan ƙudan tsohon wurin yake komawa, sababbin da zai rataya bana kuma ya kai su bishiyoyin can ƙetaren fadama. Ɗalibai biyu suka yi alkawarin taya shi ɗauka.

Saura mai tifa. Ya riga ya ba da kuɗi, dattijon kuma ya riga ya kashe wani abu a ciki, kuma ba mutumin da zai warware magana ba ne. Ba mu da abin da za mu mayar masa. Iyakar abin da aka samu shi ne a karkatar da haƙar: a fara daga ƙarshen gaɓar ta arewa, a tsaya da zarar an cika lodin da aka biya, a bar tsakiya inda ramuka suka fi yawa. Kusan sulusin ramukan suna wannan ƙarshen. Waɗannan ramukan sun tafi.

A madadin sauran, muka ɗauki nauyin abin da ya fi damun dattijon tun farko. Aka cika buhuna da ƙasa aka jera a kan kwazazzabon inda ruwa ke faɗowa, da alkawarin dasa jema a wurin idan ruwa ya sauka, saboda saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai tana riƙe ta. Aka tsayar da hanya ɗaya tak ta bin iyakar gona. Aka hana kowa hawa saman gaɓa. Mai hoton ya goge kwatancen, ya rubuta a shafinsa cewa duk wanda ya sayi tsuntsu a hannun yara shi ya kashe shi. Jikan dattijon, ɗan sakandare, aka ɗora masa kula da masu zuwa: ba a shiga sai da shi, ba a wuce mutum biyu a lokaci guda, kuma a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa.

Yadda aka koma ɗaukar hoton

Nan ne na fi son in tsaya, don mutane da yawa suna zaton zaɓi biyu ne kawai, ko ka matsa ka sami hoto, ko ka yi nesa ka rasa. Abin da aka yi a wannan gona ya nuna akwai hanya ta uku.

Jikan ne ya yi bukkar da mai hoto zai ɓuya a ciki, da karan dawar gonar da tsohuwar zana, irin wadda ake yi wa mai gadin amfani. Tsuntsaye sun saba ganin tarin kara a wannan lokaci, ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Muhimmin abu shi ne inda aka kafa ta. Ba a gaban ramukan ba. Mai hoton ya lissafa cewa da gilashinsa na milimita 300, idan ya tsaya mita 15 daga tsuntsu mai santimita 21, tsuntsun ba zai cika fiye da rubu'in tsayin hoton ba. Dalilin da ya sa ya matsa tun farko ke nan. To amma wannan tsuntsu yana da wata ɗabi'a: yakan zaɓi reshe ya zauna, ya hango ƙwaro, ya tashi ya cafko, ya dawo kan reshen nan dai. Sai aka zauna daga nesa da madubin hangen nesa ana lura da rassan da suka fi so. Aka sami wata 'yar ƙaya a ƙetaren kwazazzabon, nesa da ramukan, wadda ba ta rabuwa da su. Aka kafa bukka kamar mita 8 daga ƙayar, rana tana fitowa ta bayan mai ɗauka. Ramuka suna can ba wanda ya dame su, tsuntsu kuma shi yake kawo kansa.

A Nuwamba rana takan fito wajen ƙarfe shida da rabi. Ana shiga bukka kafin nan, bayan sallar asuba, a zauna shiru. Da sanyin safiya tsuntsayen sukan jeru a reshe ɗaya, sun kumbura gashi, sun manne da juna, ba sa motsi sosai. Wannan ne lokacin hoton zaune, kuma ƙiftawar kyamara ta kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ta isa. Da rana ta ɗan ɗaga, ƙwari suka fara tashi, sai farauta ta kankama. Nan sai an kai kashi ɗaya cikin 2000, in ba haka ba fiffike ya fito a dusashe. Ba a bin tsuntsu da kyamara a sama, hannu ba zai iya ba. Reshen ake saitawa, a jira, a danna daidai lokacin da yake dawowa ya buɗe fikafikai zai sauka, sau da yawa da ƙwaro a baki.

Hazon hunturu yana da fuska biyu ga mai hoto. Yana tace hasken rana, ya sa safiya ta yi tsawo, inuwa ba ta yin kaifi, ja da koren tsuntsun su fito yadda suke a kan busasshiyar ciyawa. Amma duk abin da ke nesa sai ya koɗe. Wanda ya tsaya a gindin Kufena ranar da hazo ya sauka sosai ya san dutsen kansa yakan ɓace. A mita 8 ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsu ba ta da yawa, don haka bukkar ta magance wannan ma. Abin tsoro shi ne ƙurar ta shiga cikin kyamara. Ba a cire gilashi a fili, a gida ake ɗaura shi. A kan babur a naɗe kyamarar da zane a sa a jaka. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar tana karce shi, a fara hure ta tukuna.

Aka daina kunna fitila. Aka daina sa kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, domin wanda ke gadin rami yakan ɗauka kishiya ce ta zo, ya bar farauta ya yi ta neman faɗa. Ma'aunin da aka ba kowa mai sauƙi ne: muddin tsuntsu yana harkarsa, kana daidai. Da ya daina farauta ya miƙe wuya yana kallon inda kake, ko suka tashi gaba ɗaya da kuka, ka wuce iyaka. Masu waya kuwa aka koya musu ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa. Hoton ba ya kai na kyamara, amma ya isa a gane tsuntsu, ya isa a nuna wa 'yan gida.

Zaman bukka ya kawo abin da ba a nema ba. Mutum in ya daina yawo, daji ne ke zuwa wurinsa. Kurege yakan fito ya tsaya da ƙafa biyu a kan kunya. Ragon maza yana kutsawa cikin ciyawa, cilakowa tana wucewa sama, zakaran ƙeƙuwa yana tsegumi a bakin rafi. An ga guza tana bin gindin gaɓar, ita ma ramukan take nema, don tana cin ƙwai da 'ya'ya idan ta samu. Idan Fulani suka koro shanu cikin karmami, balbela na biye, kuma a tsakanin ƙafafun shanun akwai wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Waɗannan su ne baƙin Turai. Nauyin ɗaya bai kai giram 20 ba, amma ya ƙetaro hamadar da ta kai kilomita 2000. Ranar da aka cinna wa wata saura wuta a can gefe, shirwa suka taru a kan hayaƙin, tare da manyan 'yan uwan tsuntsayenmu masu jan jiki, suna kama farar da wuta ta koro. Mai hoton ya ce a duk abin da ya ɗauka bana, wannan ya fi so.

Ɗaliban suna shigar da duk abin da aka gani cikin aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015. An raba ƙasar ne murabba'i-murabba'i, kowanne kamar kilomita 9 a tsaye da kwance, kuma taswirar da jama'a ke gani murabba'in take nunawa. Ta haka bayani ya isa ga masu bincike ba tare da an kwatanta wa kowa gonar dattijon ba.

Abin da ya biyo baya

A Disamba an ga wasu tsuntsaye suna saran sabuwar fuskar da masu haƙa suka bari a arewa. Sun bar 'yan ƙananan kwarmi, ba wanda ya zurfafa. Ƙasar ta riga ta bushe. Ramukan da suka zube a ƙarƙashin ƙafafun 'yan kallo su ma ba a sake buɗe su ba. Tarkon yara ya tsaya da kansa da masu saye suka ɗauke ƙafa, mai unguwa kuma ya ja wa iyaye kunne.

Da Janairu ta shigo aka rage zuwa, tunda lokacin kwanci ne. A Maris aka ga manya suna shiga ramukan tsakiya da ƙwari a baki, a wani ramin har uku suna karɓa-karɓa, abin da Fry ya rubuta shekaru fiye da 50 da suka wuce.

A nawa ganin, saukar mai hoton cikin kwazazzabo da fitilarsa ba su ne suka fi ɓarna ba. Tsuntsaye sun tashi sun dawo. Layi biyu na kwatance da ya rubuta su suka kawo babura, babura suka kawo zubewar gaɓa da tarkon yara da fushin mai gona, fushin ya kawo tifa. Kuma abin da ya ceci ragowar ramukan ba hujjar kimiyya ba ce. Dattijon bai sauya ra'ayi a kan tsuntsu ba ko kaɗan, har yau bai ga abin kallo a jikinsa ba. Ya bar gaɓar ne domin an biya shi wakensa, an taɓa masa zaizayar da ke cin gonarsa, jikansa kuma yana samun na littafi.

Wannan na ƙarshen yana damuna. Kuɗin da ake ba jikan yana iya zama irin kasuwar da yara suka gani da fari, idan wata rana ya ga mutum biyu sun yi kaɗan, ya fara shigar da biyar, ko ya matsar da bukka kusa don baƙo ya ji daɗi. An yi masa bayani, yaro ne mai hankali, yanzu ma ya fi wasu ɗaliban gane tsuntsaye, amma dole a ci gaba da sa ido.

Mai amya bai janye kukansa ba, ya ce sai ya ga abin da zai sha bana. Mai tifa ya sake dawowa da tayi mafi tsoka, kuma magina a Samaru da Palladan ba su daina neman ƙasa ba. Dattijon bai ce masa e ba, bai ce a'a ba. Mai unguwa ya sa a sake zama a watan Agusta, kafin tsuntsayen su fara sabuwar haƙa, a je gaɓar tare a kafa turaku: nan na tifa, nan a bari. Sharaɗin dattijon shi ne kafin ranar ya ga jemar da aka yi masa alkawari ta kama.